Mutumin da Ya Rufe Famfon Ruwa

Akwai wani mutum a wata ƙasa, aikinsa kula da rijiyoyin mai. Yana saurayi aka haƙa su a kan idonsa, a lokacin kuwa ɗanyen mai da ƙarfin kansa yake tasowa, har sai an riƙa rage masa gudu. Gari ya kafu a gefen filin. A nan mutumin ya yi aure, a nan ya yi renon 'ya'yansa, a cikin gidan da aka ba shi saboda aikin.

Da shekaru suka tura, rijiyoyin suka gaji. Bututun da a da yake cika ya koma ɗiga. 'Yan kasuwa suka kwashe kayansu, samari suka watse neman aiki. Shi ma furfura ta rufe shi, gwiwoyinsa suka fara ciwo, amma kullum sai ya zaga rijiyoyin, ya kankare tsatsa, ya ɗaure abin da ya kwance.

Wata rana matarsa ta ce, "Maigida, an ce za a rufe filin nan. Ina za mu nufa da tsufanmu?"

Ya ce, "Ni da rijiyoyin nan tare muka tsufa. Abin da ya rage mana bai kai a waiwaya ba."

Sai ya zama gwamnatin ƙasar ta ƙi yar da filin. Ta aiko wani injiniya da ma'aikata da manyan injuna. Mutumin ya yi murna, yana tsammani za su zuƙo man da ƙarfi. Amma sai suka haƙa wata rijiya can gefe, suka jawo ruwa daga kogi, suka shiga tura shi cikin ƙasa.

Hankalinsa ya tashi ƙwarai, gama tun yana yaro a aikin ya san in ruwa ya shiga rijiyar mai, ajalinta ya zo. Ya jira, watanni suka wuce, man bai ƙaru ba ko kaɗan. Ran nan injiniya ya tafi birni, mutumin ya je ya kama famfon ruwan da hannu biyu, ya rufe shi gam.

Da injiniya ya komo ya tarar aikin ya koma baya, ma'aikata suka ce, "Tsohon nan ne. A sallame shi, a karɓe gidan."  Injiniya kuwa ya kira mutumin gefe, suka zauna a inuwar tanki.

Ya ce, "Baba, me ya sa ka yi haka?"

Mutumin ya ce, "Ɗana, rijiyoyin nan su suka ciyar da ni. Ba zan tsaya ina kallo a nutsar da su ba. In mutuwa za su yi, ku bar su su mutu da mutuncinsu."

Injiniya ya ce, "Baba, man bai ƙare ba. Wanda ke kwance cikin dutse ya fi wanda kuka ɗiba yawa. Ƙarfin tasowa ne ya ƙare masa. Ruwan nan ta baya yake bi, ya turo shi zuwa bakin rijiyarka."

"To, me ya sa har yau ban ga komai ba?"

"Wurin da aka kwashe man ya daɗe a wofi. Sai ya cika tukuna."

Sa'an nan injiniya ya ce wa ma'aikata, "Daga yau famfon nan a hannun Baba yake." Mutumin ya tashi da kunya, ya je ya buɗe shi, ko da yake zuciyarsa ba ta gama yarda ba. Damina ta wuce, rani ya shigo, yana buɗewa yana jira. Wata safiya ya ɗora hannu a kan tsohon bututun, sai ya ji shi da ɗumi, yana rawa. Mai ne ke tafiya a ciki. Bai kai na zamanin ƙuruciyarsa ba, amma ya isa a bar filin a buɗe. Tsohon ya zauna a ƙasa a wurin, ya yi ta kuka.

Ma'anar wannan misali ita ce, tsohuwar rijiya ita ce mai bin Ubangiji da ya gaji. A da kana waƙa, kana ziyarar marasa lafiya, addu'a tana fitowa ba wuya. Yanzu kuwa ka ce naka ya ƙare. Amma Ubangiji, wanda ya san abin da ya ajiye a cikinka, bai yar da kai ba. Ruwan shi ne alherinsa, wanda yake zubowa ta wurin Maganarsa da Ruhunsa da 'yan'uwa masu bi. Yakan zuba tukuna kafin ya nemi wani abu daga gare ka, sau da yawa kuma ta hanyar da ba ka saba ba. Mu kuwa, saboda tsoro, mukan rufe famfon: mu daina zuwa sujada, mu ƙi wanda ya zo taimakonmu, mu ce mun riga mun san yadda abin zai ƙare.

Ku lura, ba a kori tsohon ba, amana ma aka ƙara masa. Haka Yesu Almasihu yake yi da masu rauni. Saboda haka Baba, Mama, ku da kuke zaune a benci na baya kuna cewa lokacinku ya wuce, da kai saurayin da ka gaji tun ba ka tsufa ba, kada ku hana a zuba muku. In kun daɗe ba ku ga canji ba, ku jira, ana cika wurin ne. Amin.