Ƙwan Bayan Tankin Ruwa

Yayata mace ce mai tsabta da ƙoƙari, amma tana da halaye biyu da suka fi ƙarfinta: ba ta jure asara, kuma bakinta ba ya iya furta "na yi kuskure". Kaji goma sha biyu take kiwo a bayan gida, har 'yan layinsu ke kiranta Uwar Kaji.

Da ƙwai ya yi wa gidan yawa, sai ta sayi injin busarwa mai tire biyar. Takan fasa, ta kaɗa, ta zuba a tire ya bushe ƙayau, ta niƙe ya zama gari, ta ɗura a kwalba. Ita da kanta ta koya mini ƙa'idar aikin: kowane ƙwai a fasa shi a kofi tukuna, a duba, a sansana, sannan ya shiga babban kwano.

Wata safiya ta tsinci ƙwai bakwai a bayan tankin ruwa, inda wata jar kaza ke ɓuya tana sakawa. Allah kaɗai ya san kwanansu nawa. Tana sauri, sai ta fasa su kai tsaye cikin kwanon da ke ɗauke da ƙwai talatin. Na biyar ɗin gwaiduwarsa ta tsinke kamar ruwa, wani ɗan wari ya taso. Ta tsaya cak. Ƙwai talatin a zubar? Ina! Ta kwashe abin da cokali ya iya kwashewa, ta kaɗa sauran, tana ce wa kanta zafi zai kashe koma mene ne, alhali ta sani sarai zafin injin bai kai na dahuwa ba. Ta busar, ta niƙe, ta ɗura, amma ko alama ba ta yi wa kwalbar ba, don kada mijinta ya tambaya. Ta tura ta cikin 'yan uwanta, suka zama tara iri ɗaya sak.

Bayan mako biyu na je gidan. Babanmu a wurina yake, ya haura tamanin, ba haƙori ko ɗaya, ƙwai ne kawai yake ci ba gardama.

"Uwar Kaji, a san mana ɗaya mana, ko sai mun cike takarda?" na ce, na miƙa hannu na ɗauki kwalba ɗaya.

Na ga bakinta ya buɗe. "Lafiya, Yaya?"

"Ba komai," in ji ta. "Ki dai riƙa rufe murfin da kyau."

Baba ba ya son ƙwai ya dahu sosai. Ina jiƙa garin na zuba a kasko zai fara kira daga ɗaki: "Ke, sauke haka nan, roba za ki ba ni?" Nakan sauke masa da ruwa-ruwa. A rana ta uku cikinsa ya murɗa, sai amai da gudawa. Kwanansa huɗu a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Likita ya ce a wannan shekaru ko ruwan sha na iya jawo haka, ba zai iya cewa ga dalili ba. Ni kuwa na zubar da sauran garin na wanke kwalbar, don ganinta na sa ni kuka.

Wata biyu bayan haka na shiga gidanta da tsakar rana, na same ta zaune a ƙasan ɗakin ajiya, ta rame, kwalabe takwas a buɗe kewaye da ita. Tana ɗaukar wannan ta sansana, ta ajiye, ta ɗauki waccan. A nan ta faɗa mini komai.

"In na sami waccan kwalbar a nan, kin ga ba ita kika ɗauka ba," ta ce. "To duk ƙanshinsu ɗaya. Duk ɗaya!"

Wallahi raina ya ɓaci. "Kalma ɗaya fa, Yaya! 'Ajiye' kawai za ki ce!"

Sai kuma na tuna hannun da ya riƙa sauke kaskon nawa ne.

Yau shekara uku. Ta rabar da kajin, amma kwalaben suna nan, ta kasa ci, ta kasa zubarwa. Muna cikin hira sai ta dube ni ta ce, "Daga wane gefe kika ɗauka? Dama ko hagu?" Na rantse na yi iya ƙoƙarina, amma ban tuna ba.

Darasin da nake so mai karatu ya ɗauka shi ne: abin da kake shakkarsa a abinci, zubar da shi, ko nawa ne. In kuma ka riga ka yi kuskure, faɗe shi tun yana da amfani. Kunyar minti ɗaya tana wucewa, amma akwai tambayar da in ka bari ta makara, babu mai iya amsa maka ita har ka mutu.