Kunkuru Ya Yi Musayar Jakinsa

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo, muna saurare.

Kunkuru yana da tsohon jaki mai saiɓi da ke kai shi kasuwa. Ran nan Dila dillali ya zo da Jimina.

"Malam Kunkuru, ɗanɗani gudu mana kafin ka mutu! Mu yi musaya," in ji Dila.

Jaki ya ce, "Maigida, gwada hawanta tukuna."

"Kishi ne," in ji Kunkuru.

Da Dila ya kora jakin, Kunkuru ya ɗaga kai ya ce, "Baiwar Allah, durƙusa in hau."

Jimina ta ce, "Baba, a gidanmu tsalle ake yi."

Sai ya tuna jakin kullum shi ke durƙusawa, ba a roƙe shi ba. Har yau Kunkuru a ƙasa yake tafiya, ya iske kasuwa ta watse.

Ƙurunƙus, ga kan ɓera nan.