Baƙaƙen Duwatsun Dresden

Akwai wani dattijo a Burumburum, Malam Ukasha, manomi ne mai kirki amma mai riƙo. A gefen gonarsa akwai rugar Baffa, Bafulatani maƙwabcinsa tun suna samari. Kowace kaka, bayan an kwashe dawa, shanun Baffa kan shiga su ci kara, su bar wa gonar taki. Haka suka gada.

Sai wata shekara shanun suka ɓalle tun kafin girbi, suka cinye gefe guda na dawar. Baffa ya zo da kansa ya durƙusa ya ba da haƙuri. Malam Ukasha ko kallonsa bai yi ba.

A lokacin 'yarsa Zulaihat, wadda ke aikin jinya a Jamus, ta aiko masa ya je a duba masa ido. Kafin ya tafi ya kira babban ɗansa Mujitaba ya ce, "Da ka gama girbi, ka cinna wa karan wuta. Gara ya zama toka da ya shiga cikin shanun mutumin nan."

"Baba, bukkokinsu fa suna jikin shingen."

"Ni na ce su gina a nan?"

Bayan ido ya warke, Zulaihat ta kai shi yawon jirgin ruwa a kogin Elbe. Jirgin ya tsaya a birnin Dresden, aka sauka, wata tsohuwa Bajamusa tana zagayawa da su, Zulaihat tana fassara masa.

Suka iso wata ƙatuwar coci mai kyau. Malam Ukasha ya tsaya ya ƙura wa bangon ido. Duwatsun farare ne, amma nan da can akwai baƙaƙe a tsakaninsu.

Ya taɓa 'yarsa ya ce, "Ashe nan ma magina na ha'inci? Dubi yadda maginin ya cusa musu tsofaffin duwatsu a sabon gini. Da a gida ne, sai ya rushe shi ya sake."

"Baba, don Allah yi a hankali," in ji Zulaihat tana danne dariya.

Tsohuwar ta tambayi abin da ya ce. Da aka gaya mata, ta yi murmushi, ta ɗora hannu a kan wani baƙin dutse. Ta ce da gangan aka sa su. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu jiragen sama sun zubo wa garin wuta, dubban mutane suka mutu, cocin ta rufta. Bayan shekaru masu yawa aka tono duwatsun da suka rage, aka mayar da su cikin sabon ginin don kada a manta.

"Ƙasarmu ce ta fara yaƙin," in ji ta. "Mun kai wuta gidajen wasu, ta dawo namu. Mahaifiyata tana yarinya a lokacin. Ta ce wutar da ta girma sai ta haifi iskarta, tana fizgar mutane. Ba ta tambayi wane ne soja, wane ne jariri ba."

 Malam Ukasha ya san yadda wuta ke gudu a busasshen kara idan iska ta juya. Ya tuna jikokin Baffa da ke kwana a bukkar da ta fi kusa da shinge.

"Zulai, kira min Mujitaba. Yanzu."

Da aka ɗauka, ko gaisuwa bai tsaya yi ba. "Ka ƙona?"

"Gobe in sha Allahu, Baba. Har na sayo fetur."

"Zuba shi a babur ɗinka. Ka je wurin Baffa, ka gaishe shi da kyau, ka ce na ce ya shigo da shanu."

Mujitaba ya tafi rugar da la'asar. Ya tarar an fara kwance bukkoki, mata suna ɗaure ƙore, don labarin wutar ya riga ya iso musu, sun shirya ƙaura zuwa Doguwa. Ya durƙusa ya isar da saƙo.

Baffa ya daɗe yana kallon ƙasa, sandarsa a kafaɗa. Sannan ya ce, "Ukasha ne da bakinsa? Me ya gani a can?"

"Wallahi, Baffa, wai duwatsu."

Baffa ya goge ido da gefen rawani, ya juya ya ce wa matan, "Ku sauke kayan."

Darasi: Kana da ikon kunna wutar fushi, amma ba kai za ka zaɓa mata inda za ta tsaya ba. Idan maƙwabci ya zo ya ba ka haƙuri, karɓa tun gidajenku suna tsaye. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai riƙe da ashana a yau.