Baturen da Ya Fasa Gurmin Hassumi

Akwai wani mawaƙin Ingila mai suna Neil Cranmore, wanda ya yi tashe da kiɗan rok wajen 1977. Yana da wata ɗabi'a ta banza: in ya gama wasa sai ya maka jitarsa da ƙasa, 'yan kallo su yi ta ihu.

A shekarar ya zo Alƙahira yin wasa. Yana yawo a kasuwar Ataba ya ji wani ɗan kasuwa daga Nijar, Hassumi, yana kaɗa gurmi a bakin shago. Nan take ya nace sai an ara masa.

"Na babana ne, da hannunsa ya haɗa shi kafin ya rasu," in ji Hassumi ta bakin tafinta. "Ba na bayar da shi."

Baturen ya yi ta magiya, har da rantsuwa gobe zai dawo da shi. Kunya ta sa Hassumi ya miƙa.

An gama wasa, ihu ya ɗebi mutumin naku, ya ɗaga gurmin ya rotsa shi a gaban jama'a. Washegari ya zo shagon hannu rabbana yana murmushi, ya ce, "Ma'alish." Wato "ba komai". Kalmar Larabcin da ya iya ke nan, mara mutunci.

Hassumi bai zage shi ba. Amma duk makaɗin da ya zauna shan shayi a shagonsa, ɗan Masar ne ko ɗan Sudan, sai da ya ji labarin.

Zuwa 1986 an daina yayin Cranmore. Kamfaninsa ya ba shi dama ta ƙarshe: ya yi faifai da makaɗan Afirka, ko a sallame shi. Ya dawo Alƙahira, ya bi makaɗan gida-gida har unguwar Ainu Shams. Kowa ya ji sunansa sai ya rungume kayan kiɗansa ya ce ba shi da lokaci.

Ƙarshe ya lallaɓo wurin Hassumi, ya roƙe shi ya sa baki.

"Ni ban hana kowa ba, abin da ka yi kawai na faɗa," in ji Hassumi. "Tun ranar ban ƙara kiɗa ba. Kai ma ka ɗanɗana. Khalas, magana ta ƙare."

Faifan bai fito ba, kuma daga nan ba a ƙara jin Cranmore a kan dandamali ba.

Darasi: Abin da aka ba ka aro amana ne, komai girman sunanka. Tafin jama'a na ɗan lokaci ne, amma wanda ka wulaƙanta ba ya mantawa. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.