Habila da Kofin Bakin Hanya

An yi wani mutum manomi a wani ƙauye da ke gindin dutse, sunansa Habila. Matarsa Dinatu ce, 'yarsu ɗaya, Keziya, ta yi aure a wani gari. Habila ƙaƙƙarfa ne, in aka kira gayya shi ne kan gaba. Mazan ƙauyen nan kuwa suna da wata al'ada: in ka kama layinka da garma, ba ka ɗaga kai ka sha ruwa sai ka kai ƙarshensa. Wanda ya ajiye garma a tsakiya ya nufi tulu, to, ya shiga bakin samari ke nan har kaka. Habila bai taɓa ajiyewa ba, yana kuma so a san haka.

Wata damina zazzaɓin taifot ya kwantar da shi, ya rame har ba a gane shi. Dinatu ce ke tallafo kansa ta ba shi kunu da cokali, ita ke yi masa wanka, ita ke juya shi a kan shimfiɗa. 'Yan'uwa na ikilisiya suka nome masa gona. Allah ya tashe shi, kowa ya yi murna, amma shi abin ya tsaya masa a rai. Mutumin da ke yi wa wasu, yau shi ake ba abinci a baki! Bai gaya wa kowa ba, amma a zuciyarsa ya ƙudura ba zai sāke zama abin tausayi a hannun ɗan Adam ba.

Ma'aikacin asibiti ya ce masa ya riƙa tattaki da safe don ƙarfi ya dawo. Tattaki ya zama sassarfa, sassarfa ta zama gudu. Ana nan sai ya ji a rediyo za a yi gudun famfalaki a babban birni bayan girbi, kilomita arba'in da ɗoriya, kowa na iya shiga. Habila ya ce, "Zan yi shi." Bai taɓa tsere ba a rayuwarsa, ga furfura ta fara leƙowa. Amma ya sa a ransa cewa ranar da ya kai ƙarshen gudun nan da ƙafafunsa, ranar ce zai yarda ya warke.

Ya sayi takalmin gudu a gwanjo, ya fara. Masu zuwa rijiya da sassafe su gan shi yana haki, su ce, "Habila, lafiya? Wa ya biyo ka?" Ya ɗaga musu hannu ya wuce. Ƙafa ta yi bororo ta warke, farce ya yi baƙi ya fita, bai fasa ba. Kowace Asabar yakan ƙara nisa, ya bi hanyar kasuwa, ya wuce wata babbar ɗorawa, ya haye gada, ya zagayo gida.

Sai dai ya ɗauko dokar gayya ya kawo ta cikin gudu. Ba ya shan ko ɗigo sai ya dawo gida. Kun ji wauta! Layin gona ina, kilomita arba'in ina? Da nisan ya ƙaru, sai ya zama duk lokacin da ya haye gadar nan ƙafafunsa su ɗaure, kansa ya yi ta sarawa, ya ƙarasa gida yana jan jiki. Shi kuwa sai ya ce ai ƙoƙarinsa ne bai isa ba, ya ƙara matsa wa kansa.

Dinatu tana gani. Wata Asabar ta riga shi fita, ta ɗauki jarka, ta zuba ɗan gishiri da sukari a ruwan kamar yadda ake yi wa mai jinya, ta je gindin ɗorawa ta tsaya. Da ya iso ta miƙa kofi, ta ce, "Baban Keziya, kurɓa ɗaya."

Ya ce, "Sai na gama." Ko tsayawa bai yi ba.

Asabar ta gaba ma ta je. Ya ce, "Maman Keziya, ki daina wahalar da kanki, ni ba majinyaci ba ne." Maganar ta yi mata zafi, ta ɗauki jarkarta ta koma gida. Ta ci gaba da zuwa, shi kuma ya ci gaba da wucewa.

Aka yi girbi, ranar tsere ta matso. Saura gwaji ɗaya, mafi tsawo, wanda in bai iya shi ba, babu amfanin shiga mota zuwa birni. Ran nan rana ta fito da wuri, ta fito da ƙarfi. Ya wuce ɗorawa, ya ga hannun matarsa a miƙe, ya kau da kai. Ya haye gada. Can gaba kaɗan sai gumi ya ɗauke masa, harshe ya bushe, ƙafar dama ta murɗe, idanunsa suka yi duhu. Ya dai san ya zauna a bakin hanya cikin ƙaiƙayin dawa, ya yi ƙoƙarin tashi, jiki ya ce bai san zancen ba. Tsoro ya kama shi ƙwarai, ya ce a ransa, shi ke nan, ashe ban warke ba.

Yana nan sai ya hango mace tafe da jarka a ka, tana sauri har zani na harɗe ta. Dinatu ce. Ta ga yadda yake tangaɗi tun da ya wuce ta, hankalinta bai kwanta ba, ta biyo shi. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta durƙusa, ta jiƙa gefen ɗankwalinta ta goge masa fuska da wuya, sa'an nan ta cika kofi. Ya kasa riƙewa. Ta tallafo kansa kamar dā, ta kai masa baki.

Ya sha, ya sāke sha. Da idonsa ya washe sai hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Kin gani ko? Na sāke zama miki kaya."

Dinatu ta zauna kusa da shi a ƙasa. Ta ce, "Baban Keziya, damina guda na yi ina ɗaga ka ina kwantarwa, ban taɓa jin nauyinka ba. Ka san abin da ya yi mini nauyi? Ruwan nan da nake komawa gida da shi kowace Asabar. In zan zo ba na jin sa. In zan koma, kamar wuyana zai karye."

Habila ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ƙara mini."

Kwanakin da suka rage, koyon shan ruwa ya yi, babban mutum da furfurarsa. Ashe sha cikin gudu ma sai an koya. Ya karɓi kofi ya ƙware, ruwa ya fito ta hanci, Dinatu ta yi ta dariya har tana riƙe ciki, tana cewa, "A hankali, sarkin gayya, ba mai ƙwace maka!" Ya koyi kurɓa kaɗan-kaɗan, ya koyi sha tun ƙishi bai zo ba. Ya sāke gwajin, ya haye gada, ƙafafunsa ba su ɗaure ba.

Ranar tsere, a birni, an jera tebura a bakin titi, baƙin da bai taɓa gani ba suna miƙo ruwa. Habila bai wuce hannu ko ɗaya ba. Bai zo na ɗaya ba, bai zo na ɗari ba. Sa'ad da ya iso har an fara naɗe rumfuna. Amma ya iso da ƙafafunsa, Dinatu kuwa ta saki guɗa a tsakiyar mutanen birni, ba ruwanta da masu kallo.

Ga abin da misalin nan yake koya mana, 'yan'uwa. Gudun nan shi ne zamanmu na bangaskiya, mai tsawo ne, ya fi ƙarfin kowane ɗayanmu. Ruwan shi ne alherin Allah. Ba lada ba ne da ake ajiye maka a ƙarshe in ka nuna kai jarumi ne, guzuri ne da ake ba ka a hanya domin ka kai ƙarshen. Yawancin lokaci kuwa Allah ba ya sauko da shi daga sama a gabanka. Yakan sa shi a hannun matarka, ko mijinki, ko maƙwabci, ko wani ɗan'uwa da ka raina.

Da yawa a cikinmu mun iya bayarwa, karɓa ce ba mu iya ba. A tambaye ka lafiya, ka ce lafiya lau, alhali cikinka ya bushe ƙurmus. A ce za a yi maka addu'a, ka ce a yi wa masu bukata. Muna kiran wannan haƙuri, ko mazantaka, amma girmankai ne ya sa rigar aiki. Ku maza da ke zaune a baya kuna murmushi, da ku nake, ku mata ma ban cire ku ba. Ku tuna, Mai Cetonmu da kansa ya gaji da tafiya, ya zauna a bakin rijiya, ya roƙi ruwa a hannun mace. Wannan bai rage masa daraja ba. To, kai wane ne da za ka fi ƙarfin kofi?

Kuma kada ka ɗauka kanka kaɗai kake cuta in ka ƙi. Akwai wanda ya daɗe a tsaye a bakin hanyarka domin yana ƙaunarka, kullum ka wuce shi, kullum ya koma gida da abin da ya kawo maka. Ka san shi, sunansa ya riga ya zo maka tun ina magana. In an tashi sujada yau, kada ka bari ya sāke komawa da shi.