Hanyar Bayan Kicin da Mai Inji Bai Wanke Ba

Akwai wani bawan Allah da sana'arsa ita ce wankin intalok, wato tubalan simintin nan da ake jerawa a tsakar gida. Mutane da yawa sun manta sunansa na yanka. Mai Inji kawai ake ce masa, saboda injin feshin ruwan da yake ɗaurawa a bayan babur ɗinsa.

Garinsu gari ne mai laima. Ruwan sama ba ya nisa, ko ya ɗauke ma iskar a jiƙe take. Wata biyu ya ishi tsakar gida ta yi kore shar da gansakuka, ciyawa ta leƙo ta tsakanin tubala, wuri ya yi santsi kamar an shafa sabulu. Don haka Mai Inji bai taɓa zaman rashin aiki ba.

Kuma tsakani da Allah ya iya aikinsa. Sai ya cire ciyawa, ya zuba magani ya bari ya jiƙa, ya dirje da buroshi, sannan ya bi da inji. In wuri ya bushe, ya kawo yashi mai laushi ya cike tsakanin tubalan don kada su riƙa motsi.

Aibinsa ɗaya ne, ba a gyara masa. "Inda na wanke," in ji shi, "ko abinci ya zube sai a kwashe a ci."

Cikin gidajen da yake wa aiki akwai na wata tsohuwar shugabar makaranta da ta yi ritaya. A gidan akwai wata dattijuwa mai girki, shekararta goma sha takwas tana yi musu aiki, kowa Inna yake ce mata. Duk ranar da Mai Inji ya zo, sai ta zubo masa abinci a kwano ta kawo masa da ruwan sanyi, tana cewa, "Ci, ɗana, injin nan ba shi zai riƙe maka ciki ba."

Bayan kicin akwai wata 'yar siririyar hanya da ta tafi sito, inda ake ajiye buhunan abinci da manyan tukwane. Katanga a gefe, bishiyar mangwaro a sama, rana ba ta taɓa sauka a wurin. Nan gansakuka ta fi kauri. Kuma ban da Inna, babu mai bin hanyar.

Ranar da abin ya faru, an yi wa Mai Inji alkawarin wani babban aiki a wani sabon otal da ƙarfe biyu. Kafin azahar ya gama gaban gidan, tubala sun fito fes, ja da toka, kamar yau aka jera su. Saura bayan kicin.

Ya tsaya ya dubi hanyar. Tiyo ba ya kaiwa, sai ya ciccibi inji ya zagaya. Kuma irin wannan gansakukar ba ta fita sai an durƙusa an kankare da hannu, aikin awa guda ne cur. Ya duba agogo.

Sai ya ɗebi bokiti biyu na ruwan sabulun da ya rage ya watsa, ya share ganye da tsintsiya. Wurin ya yi duhu, ya jiƙe, daga nesa kamar an wanke.

Inna tana tsaye a tagar kicin.

"Ɗana, bayan nan fa? Na ga ba ka sa masa buroshi ba."

"Inna, na gama da shi," ya ce, ko juyowa bai yi ba. "Ke dai ki ji da tukunyarki. Ni na taɓa shiga kicin na ce gishiri bai ji ba?"

Ta yi ɗan murmushi, ta ja labulen tagar. Shi kuwa ya je ya shaida wa matar gidan cewa ko'ina ya wanku, gaba da baya. Ta leƙa gaban gidan ta yaba, ta sallame shi.

Bayan kwana tara matar gidan ta kira shi. Gabansa bai faɗi ba, don ya ma manta. Ya same ta a baranda, ta tarbe shi da fara'a.

"Maƙwabciyata ce ta ga tsakar gidana, ta ce lallai in haɗa ku. Na ce mata ba ni da haufi a kanka."

Ya yi godiya. Sai ya lura kicin shiru, babu ƙamshi, babu ƙarar cokali.

"Hajiya, ina Inna?"

Matar ta yi ajiyar zuciya. "Ai ba ka ji ba. Ta faɗi a bayan kicin ranar da aka yi ruwan nan, tana ɗauke da babbar tukunya daga sito. Tsintsiyar hannunta ta dama ta karye. Tana gidan 'yarta."



"Abin da ya dame ni," ta ci gaba, "wurin da ka wanke tas ne. In mutum ya fara faɗuwa a wuri mai tsabta, to ƙarfi ya ƙare. Yarana sun ce in sallame ta ta huta, in nemi mai sauran jini a jika. Ina ganin haka za a yi."

Mai Inji ya tambaya, "Ita me ta ce?"

"Cewa ta yi ƙafarta ce ta yaudare ta."

"Allah ya sawwaƙe," ya ce. Iyakar abin da ya fito daga bakinsa ke nan. Ya karɓi lambar maƙwabciyar, ya hau babur, ya tafi.

A gida matarsa ta ajiye masa abincin rana, ya zuba wa kwanon ido har ya huce.

"Baban yara, yau ko injin ne ya lalace? Rabon da in ga ka yi shiru haka tun da aka cire maka haƙori."

Bai yi dariya ba. Ya ba ta labari tun daga bokiti biyun har zuwa maganar gishiri. Da ya gama, ta ɗauke kwanon.

"Matar da take zuba maka abinci da hannunta," ta ce a hankali. "Hannun ne ya karye?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni ba zan ce ka yi kaza ba. Amma ka sani, da mahaifiyarka ce aka yi wa haka, da yanzu kana ƙofar gidan mutumin kana ɗaga murya."

Kwana biyu yana fita aiki yana dawowa kamar mara lafiya. Duk inda ya ga kore a ƙasa sai ya ji kunya ta rufe shi. A rana ta uku ya tambayi gidan 'yar Inna, ya tafi.

Ya same ta zaune a tabarma a ƙofar ɗaki, hannu a ɗaure an rataye shi a wuya da mayafi. Tana ƙoƙarin ɓare lemo da hannun hagu, yana zille mata. Da ta gan shi ta saki fuska.

"Lale da Mai Inji. Yau ba ni da abin zuba maka, sai dai ka ɓare mana lemon nan."

Ya durƙusa. Ya karɓi lemon.

"Inna, kin san ban wanke wurin nan ba."

"Na sani."

"Kin gan ni da idonki. Kin yi mini magana, na gaya miki baƙar magana."

"Ka gaya mini."

"To me ya sa kika ce ƙafarki ce?"

Ta gyara zaman hannunta. "Hajiya ba ta iya riƙe magana. Da na faɗa, kafin la'asar duk layin nan sun ji, babu mai sake kiranka. Kana da yara huɗu, ka sha gaya mini. Hannuna ya riga ya karye, in na karya maka hanyar abinci ba shi zai ɗora shi ba."

"Amma za a sallame ki."

"Na ji ana faɗa." Ta dubi ƙasa. "Ba zan ɓoye maka ba, abin ya yi mini ciwo. Ba hannun ba. A ce wai na tsufa, na zama kaya. Ni kuwa na san ƙafata lafiyarta ƙalau."

Mai Inji ya kasa ɗaga ido. Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya ɓare lemon, ya raba shi ɓari-ɓari ya ajiye mata a faranti, ya miƙe.

Daga nan gidan tsohuwar shugabar makaranta ya wuce kai tsaye.

"Hajiya, don Allah ki zo ki ga wani abu. Amma ki dafa bango."

Ya kai ta bayan kicin. Ya sa farce ya kankaro gansakuka, ta taso da kauri kamar fata, ya ɗora a tafin hannunsa ya nuna mata. Ga kuma dogon shatin inda ƙafar Inna ta zame, har yanzu yana nan.

"Ban wanke nan ba. Ruwan sabulu na watsa, na ce miki na gama. Inna ta yi mini magana, na gwasale ta. Ba tsufa ne ya kayar da ita ba, ni ne."

Matar ta dube shi irin kallon da ta saba yi wa ɗalibin da aka kama da satar amsa. Ta yi masa faɗa, faɗa mai zafi. A gabansa ta kira maƙwabciyar ta ce ta janye maganarta. Sannan ta juya, tana kallon hanyar.

"Shekara goma sha takwas tana bin wurin nan," ta ce, muryarta ta sauka. "Ni kuwa yau ne na fara taka shi. Har na yarda ta tsufa ban zo na duba ba."

Ranar bai kunna inji ba. Ya durƙusa da buroshin ƙarfe ya bi tubalan ɗaya bayan ɗaya har gwiwoyinsa suka saɓule. Washegari ya dawo ya sare rassan mangwaron da suka tare rana, ya buɗe wata magudana da ta toshe, ya cika yashi.

Abin da Inna ta hango kuwa ya faru. Magana ta zaga layin, gidaje biyar suka daina kiransa. Wasu in ya wuce sai su nuna shi da baki. Bai musa wa kowa ba.

Inna ta koma bakin aikinta bayan wata biyu. Hannun ya warke, amma bai koma daidai ba. Ba ta iya ɗaga tukunya da shi, sai da hagu.

Da gansakuka ta sake tasowa, matar gidan ta kira shi. "Ni da wani zan nema," ta ce masa a waya. "Inna ce ta ce kai take so."

Ya zo, kuma ta bayan kicin ya fara. Yana durƙushe yana dirza sai ya ji an buɗe ƙofa. Inna ce, ta riƙo kofin ruwa da hannun hagu, na daman a naɗe a ƙirji. Ya ƙara sunkuyar da kansa ƙasa.

"Karɓi, ɗana," ta ce. "Kuma ka ɗaga kanka. Na yafe tun ranar da ka ɓare mini lemo."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya sha, amma sai da ta koma ciki ya iya ɗagowa.

Darasi: Wurin da mai gida ba ya dubawa, wani bawan Allah ne yake takawa kullum. Ka yi aikinka a ɓoye kamar yadda kake yi a fili, kuma in wanda ka raina ya gyara maka, ka saurara. In ka yi kuskure, kada ka bar mai rufa maka asiri ya ɗauki laifinka. Ku tura wa duk wanda aka ba amanar aiki, ƙila ya koma ya duba inda ya tsallake.