Hannun Barau da Binciken da Aka Kulle

Ku matso, ga wata da za ku raba mana gardama a kanta.

Barau ya gaji da dako a Ikko, ya dawo Kano ya kama aiki a wata majema. Shi ya tara ma'aikata suka kafa ƙungiya, har aka fara ba su safar hannu saboda ruwan gubar da ake jiƙa fatu a ciki. Sai mai kamfani ya kai ƙara gaban kwamitin sulhu, wai ƙungiya kashe aiki take yi, a rushe ta.

Barau bai damu ba, gani yake yana da sheda. Wata malamar jami'a, Dakta Hansatu, ta taɓa zagaya masana'antu masu ƙungiya da dama har da tasu, tana binciken ko ƙungiya na rage aiki. Tare suka ci ɗanwake a bakin ƙofa, ta gaya masa da bakinta cewa a yawancinsu aiki bai ragu ba, bai kuma ƙaru ba.

Ashe editan mujallar da ta aika wa binciken, Farfesa Maiwada, mayar mata ya yi. Ya ce shafukansa kaɗan ne, kuma binciken da bai gano wani bambanci ba, wa zai karanta shi?

Ita kuwa ba za a yi mata ƙarin girma ba sai an buga aikinta. Ta tsamo masana'antu biyu da aiki ya faɗi, ta aika, aka buga. Sauran ta kulle a durowa. Ƙarya ko ɗaya ba ta rubuta ba.

Shugaban kwamitin, Alhaji Sambo, ko goro ba ya karɓa. Ya karanta duk abin da aka buga, ya tarar bakinsu ɗaya: ƙungiya na kashe aiki. Barau ya miƙe ya faɗi abin da Dakta ta gaya masa ranar da suka ci ɗanwake, ya roƙa a kira ta.

"Zauna, ɗana," in ji Alhaji. "Da abin da aka buga nake hukunci, ba da hirar cin ɗanwake ba."

Aka rushe ƙungiya. Safa ta yage, ba a sake ba da wata ba. Yau yatsun Barau sun tsattsage sun ƙandare, ko lomar tuwo sai matarsa ta mulmula masa.

Ya je ofishin Dakta, ya ɗora hannuwan a kan teburinta. Ta kawar da kai, ta rantse ba ita ta ƙi bugawa ba.

"Na sani, Dakta," in ji shi. "Duk wanda na je wa, ba shi ba ne. Ni na gaigaye su ke nan?"

Mai kamfani ku ajiye shi gefe, shi bai taɓa ɓoye abin da yake so ba. A cikin ukun nan, wanda ya ƙi bugawa, da wadda ta kulle, da wanda ya ƙi jin abin da ba a buga ba, wa ya cinye hannun Barau?